Goggon Kawu Ilya Ta Je Belleville

Kawu Ilya mutumin Maradi ne, makanike a Rillieux-la-Pape, wani gari a Faransa nesa da Paris, kuma idan ka taka shi ba ya ihu, ajiyewa yake. Ni ɗan ƙanwarsa ne, na san halinsa tun kafin makaranta ta gaji da ni.

Abin da ya fi so a duniya mota ce, Rover 90 ƙirar 1957. Ya ce Ingilishi da kansu Goggo suke ce mata, don ba ta gaggawa. Silinda shida, kujerun fata, gaba duk katako. Ƙofofinta alminiyum ne saboda ƙarfe ya yi wuya bayan yaƙin duniya, na baya kuma ta gaba suke buɗewa. Sitiyarinta yana dama. Gawa ya saye ta a wata gona, ya yi shekaru yana tayar da ita da sifanan inci, don namu na Faransa ba sa kama notinta.

A 2009 Alhaji Daouda, mai shagon shadda a unguwar Guillotière kusa da mu, ya aurar da 'yarsa. Kawu ya wanke Goggo ya shiga jerin motocin rakiya. Alhaji ya tsayar da shi gaban jama'a, ya ce a fitar da wannan akwala kada ta kunyata shi. Aka yi dariya. Kawu ya juya gida. Sallar Juma'a ma ya canza sahu.

A 2016 ɗan Alhaji zai yi aure a Paris, amarya Sahadatou ta ga hoton Goggo, ta ce motar nan ce za ta ɗauke ta. Alhaji ya zo garaji da doguwar gaisuwa. Kawu ya amince da sharaɗi guda: tare za su tafi, Alhaji a gaba, don babba ba ya zama baya da kwalayen goro. Ni aka cusa cikin kwalayen.

Agusta ne, ba kilim mai sanyaya mota. Alhaji ya jiƙe cikin babbar riga. Kowane péage, wurin biyan kuɗin hanya, injin yana hagu, Alhaji ne mai murɗa gilashi ya miƙa hannu. In za a wuce kamiyo, babbar motar kaya, shi ne mai leƙawa.

"Alhaji, duba mini hanya. In wuce?"

"Wuce mana, Malam Ilya."

"Ka tabbata? Sake dubawa."

Da la'asar muka isa Belleville, unguwar su amarya a Paris. Dangin amarya sun cika bakin titi, ba wanda ya taɓa ganin Alhaji. Kawu ya fito ta dama cikin farar shadda da ya ɓoye wa wannan rana. Alhaji ya fito ta hagu, a yamutse, yana share gumi. A Faransa kuwa, har a Nijar, kowa ya san wanda ke fitowa ta hagu.

Suka yi caa a kan Kawu da sannu da zuwa uban ango. Wata Hajiya Baraka, yayar uwar amarya, ta dubi Alhaji ta ce, "Direba, sauke goron nan, sa'an nan ka gusa da motar, ka tare hanya."

Alhaji ya dubi Kawu yana jiran ya gyara zance. Kawu ya gyara hula, ya miƙa masa makulli.

"A hankali da ita," ya ce, "tsohuwa ce."

Ya bi su ciki, aka zaunar da shi a kujerar gaba.