Ranar da Limami Ya Sare Mana Dawa

Tsufa ya sa ina rikita sunayen jikokina, amma abin da ya faru a gonarmu wata damina yana nan daram a raina, kuma da shi zan mutu. Lokacin ina goyon ɗana na biyu, muna zaune a wani ƙauyen Maguzawa da ke bayan Tudun Wada, ta hanyar Doguwa.

Kafin mu shiga coci, ni ce gwanar dafa giya a unguwarmu, ba yabon kai ba. Wanda ya jawo mu kuwa wani limamin Angilikan ne, siririn dattijo mai tsohon keke, Baba muke ce masa. Ba ya zaman jiran mutane, shi yake bin su gindin ɗorawa da bakin rijiya. Yakan ba mu labarin waɗansu limaman cocinsu na Ingila a zamanin da, waɗanda aka rufe wa ƙofar coci saboda zafin wa'azinsu, suka hau dawakai suna bin talakawa har wurin aikinsu. In yana wannan labari har idonsa ƙyalli yake yi.

A daminar nan kurkunu ya kwantar da maigidana, ko tsayuwa ba ya iyawa. Ciyawa ta taso ta shaƙe dawarmu, in aka ƙara jinkiri kuwa yunwa ce za ta kwana da mu shekara guda. Mafita ɗaya ita ce gayya, gayya kuma a wurinmu ba ta taruwa sai an jera tulunan giya. Ga shi na yi alkawari a gaban jama'a na bar dafa ta.

Na je na durƙusa gaban wan mijina. "Yaya, a taimaka mana da gayya. Zan yi tuwo, in dama kunu."

Ko kallona bai yi ba. "Kunu sai mai jego. Waɗanda suka hana ki giya su zo su nome miki."

Na dawo ina hawaye, saura ƙiris in jiƙa hatsin giya. 'Yan cocin namu duk tsofaffi ne da yara, wa zai riƙe fartanya? Da na gaya wa Baba, sai ya ce, "'Yata, dama kununki da yawa, ki same ni a gona gobe."

Da safe na iske shi ya naɗe riga, ya duƙa, yana rera waƙar coci da ƙarfi. Gonar Yaya tana maƙwabtaka da tamu, yana ciki da samarinsa. Ina matsowa sai na ga Baba ciyawa da dawa yake haɗawa yana sarewa! Na ajiye kunun na koma gefe, don ba a gyara wa babba.

Sai ga muryar Yaya daga can. "Kai malamin coci! Dawa ce fa kake kashewa!"

Baba ya ɗago ya ce, "Ashe? Ai ni duk kore nake gani." Ya sake duƙawa ya tsinke wata.

Yaya ya tsallako iyaka a fusace, ya fizge fartanyar. "Kawo nan, kafin ka bar 'ya'yan ƙanena da yunwa!" Ya ƙwala wa samarinsa kira. Maƙwabta da suka ga babbansu ya duƙa, su ma suka shigo ɗaya bayan ɗaya. Baba ya koma kwashe ciyawa, suna yi masa tsiya yana dariya. Kunun da aka raina kuwa har ƙwaryar aka suɗe.

Bayan shekaru, da ya yi ritaya, na kai masa gaisuwa garinsu. Na same shi a gona yana noma kamar saurayi, ko kara ɗaya bai taɓa ba. Na riƙe baki na ce, "Baba, yaushe ka koya?"

Ya yi dariya har da tari. "A gona aka yanke mini cibiya, 'yata. Yayanki ba zai saurari wa'azina ba, amma na san ba zai iya tsayawa ana ɓarnar hatsin ɗan'uwansa ba."

Yaya bai taɓa taka coci ba har ya rasu, amma bai sake neman giya a gonarmu ba. Yanzu da maganin feshi ya kashe gayya, nakan yi kewar mutanen nan biyu ƙwarai. A wurin Baba na koyi cewa wanda ya ƙi jin maganarka ba lalle ne mugu ba. Nemo inda zuciyarsa take da taushi, ka tsaya a nan, da ƙafarsa zai zo.