Ƙofar da ba ta rufuwa sosai

A shekarun da aka dawo da shari'a ne mai ɗakina ta samu kujerar Makka. Ni na zaga Agadas da Kartum da Jidda, ita kuwa ba ta taɓa wuce Zango ba. Sai dai numfashinta ya fara yankewa in ta ɗebo ruwa, don haka na kai ta wani asibiti a Daura, mu ji ko zuciyarta za ta ɗauki tafiyar.

Likitan Bamisire ne, muka gaisa da Larabci. Ita ta ce namiji ba zai taɓa ƙirjinta ba, ko da Balarabe ne. Aka ja labule. Ya sa abin sauraro a kunne daga waje, ni na riƙe bakin ƙarfen daga ciki. Ya ce in ɗora a kan zuciya, na ɗora a ƙahon zuci, inda muke dafewa in mun ce zuciya na ciwo. Ya saurara, sannan ya ce ya ji kokon safe lafiya lau, saura zuciyar. Ta yi dariya har labulen ya motsa.

"Alhaji, duk yawon duniyar nan ba ka san inda take ba?"

Na koma ƙasan mama na hagu. Da ya gama ya miƙo mini, na sa a kunnena. Ya ce zuciya ɗaki huɗu gare ta. Takan saki, jini ya kwararo ya cika ta, ɗakunan sama su matsa su ƙarasa zuba shi a na ƙasa, na ƙasa su damƙe su tura shi huhu da sauran jiki, sai ta sake saki. Sautin nan biyu da nake ji kuwa ƙofofin zuciyar ne ke rufuwa.

Na lumshe ido. Na ji kamar lugude daga wani gida can nesa, na ga jigon da na taɓa gani a bakin Nilu, yana nitsewa, yana tashi, yana juye ruwa. Tsakanin bugun biyu akwai wani huci siriri, kamar iska ta ƙasan ƙofar zaure. Likita ya ce ƙofa ɗaya ce ba ta rufuwa sosai. Za ta iya tafiya da magani, amma a keke za a tura ta ɗawafi.

Tare muka tafi, ni na tura ta. Duk inda muka tsaya hutawa sai ta dafa gefen hagu ta kalle ni, wai kada in sake ɓata hanya.