Habboba Dije da Bangon Sawun Jarirai

Da an idar da sallar asuba, kafin matan ƙauyenmu su ɗora kaskon kisra, wainarmu ta dawa, Habboba Dije (Habboba muke ce wa kaka) ta riga ta kama hanyar tur'a, magudanar da ke shayar da gonakin audugar Wad Haddad. Ƙwarya a ka, sanda a hannu. Akwai wata kwana da ita kaɗai ta san kyan yumɓunta. Ta ɗebo, ta kwaɓa, ta murje, ta yanka ƙanana masu kusurwa huɗu. Wasu ta shafa musu jan ƙasa, wasu farar ƙasa, wasu shuni, sannan ta gasa su a rami da busasshen kashin shanu. Da waɗannan 'yan tayil take jera ado a bakin ƙofofi da gindin randuna. Shekara arba'in da 'yan kai tana wannan aiki, kuma wallahi ban taɓa jin an ambaci sunanta a wani taro ba.

Amma abin da ya sa muke ji da ita shi ne bangon zaurenta. Duk jaririn da aka haifa a garin, ranar suna sai an kai mata shi. Ta dangwala tafin ƙafarsa a ɗanyen yumɓu, ta gasa, ta manna a bango, ta zagaye shi da launuka. Nawa ma yana can, jere na uku daga ƙasa. Har yau tana zolayata, wai tun ran nan ta ga ƙafar yawo. Kai, zamani! Ƙaton magidanci da gemu ya tsaya yana nuna wa 'ya'yansa sawunsa da bai kai ɗan yatsa ba, yara suna ta ƙyaƙyata dariya. Ina kewar waɗannan ranaku ƙwarai.

Wata shekara jikanta Mukhtar ya aiko mata daga Jidda da wata laka ta roba mai launi kala-kala, wadda ake gasawa cikin 'yan mintuna. Ta shinshina, ta taɓe baki, ta ce, "Wagga ai ba ta taɓa shan ruwan Nilu ba." Ta dai yi furannin gefe da ita, sun kuwa yi kyau. Ƙafar ɗan mutum kam, ta ce sai ƙasar garinsu.

Sai yaƙi ya watsa mu. Damina ta wuce babu mai yaɓe, bangon ya zube. Da muka komo, tsibin ƙasa muka tarar, ita kuma yanar ido ta rufe mata gani, sai inuwa take gani.

Cikin waɗanda suka komo akwai Ruqaya, maƙwabciyarta. Zazzaɓi ya ɗauke ɗanta Jibril a hanya, yana ɗan shekara biyu, aka binne shi a gefen wata gona da ba za ta iya sake ganewa ba. Wayar da hotonsa ke ciki an ƙwace. Ba ta da komai nasa a duniya. Ta zo ta tsuguna gaban tsibin nan.

"Habboba, ko nashi na nan?"

Mutane suka ce a ba ta haƙuri kawai. Sawu ya fi ɗari shida, rabi a farfashe, kuma ƙafar jariri ai duk ɗaya ce.

"Wa ya ce ɗaya ce?" in ji Habboba. "Na san shi, ɗiyata. Ba shi ya shure ni ba? Ya yi harbi, diddigen ya goce. Na ce a sake, kika ce rana ta yi zahi, a bari haka. Har faɗa na yi miki."

Kwana goma sha bakwai tana zaune a kan ƙasar nan da rariya. Kowa ya gan ta. Duk gutsuren da ta tsinta sai ta goge shi da gefen mayafi, ta bi shi da babban yatsa, ta ajiye. Yatsunta suka tsattsage, aka yi aka yi ta huta, ta ƙi. Ranar ta goma sha takwas, da hantsi, ta ɗaga murya: "Ku kira min Ruqaya."

Kusurwa ɗaya ce kawai ta ɓalle. Ruqaya ta ɗora leɓenta a kan diddigen. Ni dai na yi kuka, ba zan ɓoye ba.

Habboba, ke ce kika adana mu tun ba mu san kanmu ba. Ke ce mai hannun da ya gani bayan ido ya gaza. Yanzu kin ce kin ajiye sandar tur'a, ƙafa ba ta kai ki. Mun gode, Allah Ya saka miki da Aljanna. Ku kuma matan garinmu, don Allah ku je ku zauna kusa da ita tun tana iya kama hannunku ta nuna muku. Kowa ya riƙe ɗan aikinsa yadda ta riƙe nata.

An tada sabon bango bana. Kowa ya zaci Ruqaya za ta tafi da tayil ɗin ɗakinta, ta ɓoye a akwati. Sai ga ta ta dawo da shi, ta ce, "Habboba, a mayar da shi cikin 'yan'uwansa."

Jibril ne farkon jere, da diddigensa a goce.