Baƙin Mai da Yatsun Yayana

Ban taɓa shan wahalar mota irin ta wannan ƙaramar da nake ja yanzu ba, kuma ba hanya ce ta wahalshe ni ba, baƙin mai ne. Gonata ta Bakolori na sayar na saye ta, ina ɗaukar fasinja tsakanin Mafara da Bakura, ranar kasuwa in leƙa Maradun. In injinta ya tafi, ba ni da wata gonar.

Yayana makanike ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Tun ina jan tsofaffin motocin mutane shi ke yi mini juyen mai. Shi ba ya duba lambar galan. Yatsa yake tsomawa ya murza, in mai ya yi yauƙi ya kama hannu, to mai ne. Haka duk garejin suke yi, haka ni ma na tashi na gani.

Da na kai masa sabuwar, ya zuba mata mai kauri, wanda suke kira ashirin da hamsin. Ba a jima ba ta fara abu. Da safe in na tayar da ita sai in ji ƙas-ƙas daga saman inji kafin ta yi shiru, ga shan fetur ya ƙaru. Wani direba a tasha, mai irin motata, ya buɗe bonet ɗin tawa ya goge murfin mai da bakin rigarsa. Ashe akwai rubutu: biyar da talatin. Ya ce hanyoyin mai a injin zamani sirara ne, kamar 'yan ƙananan magudanan da ke kai ruwa fangalin albasa. Mai kauri kafin ya hau sama, ƙarfe ya riga ya ci ƙarfe. Ba yau za ta mutu ba, a hankali za ta cinye kanta.

Na sayi galan ɗin da ya ce, na kai wa Yaya da la'asar. Ya buɗe, ya murza, ya ɗaga yatsunsa makanikan da ke gefe su gani.

"Auta, mi na na wanga? Ruwan shayi?"

Na ce, "Shi aka rubuta bisa murhi, Yaya."

"Wanda yar rubuta ya taɓa zama Mafara da bazara? Can ƙanƙara su kai. Nan kahin ka kai Bakura ya koma hitsari."

Aka kwashe da dariya. Ni ma ban iya cewa ƙarya yake ba, don zafin garin nan na san shi. Amma ƙarar nan ta safe ni ke jin ta, ba shi ba. Na ce dai a gwada.

Ya rufe galan ya turo mini da ƙafa. "Hannuna ba shi zuba wanga. Garejin garin ga da yawa, kai ta inda kaka so."

Nan ne abin ya tsaya mini. In aka ga motata a garejin wani, kafin magariba an ce ƙanensa ma ya guje shi, kuma mutumin nan da sunansa yake ci. In na bar mai kauri, ni ke kashe motata da hannuna.

Washegari ban shiga layi a tasha ba. Na kai motar garejinsa, na tsayar da ita a bakin titi inda kowa zai gani. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, bai dubi motar ba. Na cire babbar riga, na ɗauki sifana a akwatinsa, na shimfiɗa buhu na shiga ƙarƙashi. Ƙugu na ciwo, ina ta laluben noti.

Can na ji daro ya gurguro ya bugi kafaɗata, sai ga muryar Yaya.

"Tara a nan, jaki, kar ka ɓata min ƙasa. Kuma wancan notin giya na, ba na inji ba."

Na matsa zuwa ɗayan, na kwance, na jira tsohon man ya tsiyaye tas. Sannan na mayar da notin na ɗaure, na fito na zuba nawa.