Faifan da Baba Ya Bari Babu Suna

Ina zaune a bakin gado da hantsi, na gama shara da wanke-wanke, littafi a hannuna saura shafuka kaɗan in ga ƙarshensa, sai kiran maigidana ya shigo. Ba ya kirana a irin wannan lokaci, domin a masana'antar da yake aiki a Kudenda ba sa taɓa waya sai an tashi cin abinci. Na ɗauka, na ji ƙarar injuna a bayansa. Ya ce, "Ki shirya, zan biyo ta gida, Nasarawa, in ɗauke ki. Baba ya cika." Na ce innalillahi wa inna ilaihi raji'un, na kife littafin a kan matashi. Har yau ban koma na ga yadda labarin ya ƙare ba.

Ba zan ambaci sunansa ba. Surukina ne, bakina bai taɓa furta sunan nan yana raye ba, ba kuwa zai fara yanzu ba. Mutanen Makera sun san shi da Baba Mai Garmaho, ko yaro ka tambaya zai nuna maka zauren.

Tun yana saurayi ya yi aikin gyaran injin saƙa a ɗaya daga cikin masaƙun Kakuri, har ranar da aka rufe ta. A can wani Bature da zai koma gida ya bar masa garmaho da akwatin faya-fayai, irin baƙaƙen nan masu nauyi da ke fashewa kamar tangaran. Muryoyin mawaƙan ƙasar Italiya ne na zamanin da, maza da mata, masu waƙar da ake yi a cikin wasan kwaikwayo, wadda suke kira opera. Abokan aikinsa suka yi ta dariya, wai ya gaji kukan aljanu. Shi kuwa akwai wata mace a cikinsu da in ya sa faifanta sai ya sunkuyar da kai har ta gama. Yakan ce, "Ban san harshenta ba, amma na san inda ke yi mata ciwo."

Amininsa Oga Cidi, makanikin Kakuri, shi yake karanta masa rubutun da ke tsakiyar faya-fayan. Kowanne da sunan mawaƙi, da garin da aka ɗauki muryar, wani har da sunan mai kiɗan. Daga baya Baba ya shiga bin kasuwanni da gidajen tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa yana tattara faya-fayan Hausa na wancan zamani, sai ya tarar da yawa babu suna, musamman na mata. Abin ya tsaya masa a rai. Na sha jin yana faɗa wa baƙinsa, "Nasu ko tari aka yi a faifai an rubuta wanda ya yi. Namu an ɗauki muryar an bar mutumin." Daga nan ya ɗora wa kansa neman sunayen. Ƙa'idarsa ɗaya ce: ba ya rubuta suna a jikin rigar faifai sai mutum biyu da ba su san juna ba sun faɗe shi, ba tare da ya sa musu a baki ba. Oga Cidi yakan tsokane shi, "Malam, kai kotu ne?" Shi kuma ya ce, "Ai matacce ba zai tashi ya ce ba ni ba ne."

Ba ya sa allurar ƙarfe a garmahonsa, ya ce tana cin faifai. Ƙayar aduwa ake kawo masa daga ƙauye, ya shanya, ya fiƙe ta da samfefa, kowace ƙaya waƙa ɗaya take yi ya sauya. Sautin yakan fito a hankali, kamar ana waƙar a ɗaki na gaba. Kafin ya taɓa faifai sai ya wanke hannu, kuma da zarar ladan ya yi gyaran murya zai ɗaga ƙayar, ko da waƙa ta kai inda ya fi so.

Lokacin da aka kawo ni, tsakanina da shi gaisuwa ce kawai. In mun je Makera, in durƙusa daga bakin ƙofa, kaina a ƙasa, shi ma ya amsa yana kallon wani wajen. Wata rana na manta littafina a kan tabarmar tsakar gida, irin na soyayyar nan da ba na rabuwa da su. Na ji kunya kamar ƙasa ta tsage da na ga shi ya tsinta. Ya miƙa wa Hajiya, surukata, ya ce daga bayan labule, "A ce wa amarya, mai haƙurin karanta littafi har ƙarshe zai yi haƙurin sauraron tsofaffi. Ina da aikin da ni ba zan iya ba."

Aikin kuwa faifai ɗaya ne. Abin da aka rubuta a tsakiyarsa da Turanci bai wuce "waƙar macen Hausa" ba. Murya ce siririya, babu kiɗa sai ƙwarya, tana waƙar jirgin ƙasa da ya tafi da wani bai dawo da shi ba, kuma faifan yana ƙarewa waƙar ba ta ƙare ba. Baba ya tambayi duk tsohon da ya sani, babu wanda ya gane ta. Waɗanda za su gane ta tsofaffin mata ne, su kuwa suna can cikin gidajen da namiji baƙo iyakarsa zaure. Maigidana ya ɗauki waƙar a wayata don kada a yi ta wahalar da faifan, ni kuma na zama ƙafar Baba. Duk inda aka ce akwai tsohuwa mai sauran tunani, a Tudun Wada ko Makera ko Mahuta, sai in sa hijabi in tafi da ɗan goro.

Ni dai da halina. Tun saurare na farko na gama tsara mata labari a kaina: kyakkyawa ce, masoyinta ma'aikacin jirgi, tana tsaye a tasha kullum da yamma. Har suna na raɗa mata. Wata rana daɗin labarin ya ɗauke ni, na ba Hajiya shi da ƙarfi, ban san Baba yana jina ba. Ya yi dariya kaɗan, sannan ya ce, "Amarya, labarinki ya fi na littafin daɗi. Amma kada ki ba ta labarin da ba nata ba. An riga an karɓe mata suna, kada mu ƙara karɓe mata rayuwa." Bai ɗaga murya ba, bai kuma sake tayar da maganar ba.

Na shiga gidaje da yawa. Wasu tsofaffin su ce ba su sani ba, wasu su riƙe ni da labarin jikokinsu har la'asar, wata ta ce in wayar ce a kira mata ɗanta da ke Legas. In na dawo in durƙusa in ce ba a dace ba, Baba ya ce, "An dace mana. Kin gaida tsohuwa."

A Tudun Wada aka kai ni wajen Hajiya Yalwa, wadda idanunta suka tafi amma kunnenta yana nan. Ta saurari wayar ta ce, "Wannan abin naku yana matse murya. Kamar na sani, kamar ban sani ba." Da na faɗa wa Baba, sai ya yi abin da bai taɓa yi ba: ya naɗe faifan a cikin rawaninsa, ya sa aka ɗauko garmahon a keke mai ƙafa uku, ya koya mini yadda ake wana shi da yadda ake sauke ƙaya. Na shiga da su cikin gidan. Shi ya zauna a zaure, bango ne tsakaninmu.

Waƙar ta fara, Hajiya Yalwa ta daina jan carbi. Da faifan ya kai ƙarshe ya yi shiru, ita ba ta yi shiru ba, ta ci gaba da waƙar daga inda ya yanke, da muryarta ta tsufa, har ta kai ta inda mai ita ta ajiye. Sannan ta ce, "Kande ce, Kande ta Majema. A bikin yayata ta yi ta. Ƙanenta take wa, an tafi da shi aikin haƙar kuza bai dawo ba." Ashe ba masoyi ba ne, ƙane ne. Da na fito zaure na tarar Baba ya juya fuska bango yana gyara hula, ya daɗe yana gyara ta.

A hanya na kasa haƙuri, na ce a bayan hijabi, "Baba, yau sai a rubuta." Ya ce, "Saura ɗaya." Na ce ai har ƙarshen waƙar ta kawo. Ya ce, "Na ji, kuma zuciyata ta yarda. Amma in na karya ƙa'ida saboda wadda nake so, sauran sunayen da na rubuta duk sun zama abin shakka." Ba a daɗe ba Hajiya Yalwa ta rasu, shi ma ciwon ƙirji ya kwantar da shi. Ranar da na je duba shi ta ƙarshe, ya tambayi lafiyar iyayena, sannan ya ce, "Kada ki faɗa wa kowa sunan. Ki bari ya zo da ƙafarsa."

Ranar sadakar uku gida ya cika. Muna can ƙuryar tsakar gida mu matasan mata muna wanke kwanukan baƙi. Ban san lokacin da hankalina ya tafi ba. Waƙar nan ta riga ta zauna mini a maƙogwaro, ashe ina ɗan rera ta ƙasa-ƙasa, hannuna cikin kumfa. Sai na ji an buga sanda a ƙasa. Gwaggo Talatu ce, ƙanwar mahaifin Hajiya surukata, wadda aka ɗauko daga ƙauyensu na wajen Funtuwa, rabona da ita tun ranar bikina. Ta fito alwala, ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Ke 'yar nan, ba ki da hankali ne? Surukinki ko kwana uku bai cika ba kina waƙa? Wai ma wa ya koya miki waƙar Kande ta Majema, ke da ko uwarki ba a haifa ba lokacin?"

Kwanon ya suɓuce mini. Na ce, "Gwaggo, waƙar wa kika ce?"

Ta ce, "Kurma ce ke? Kande ta Majema. Da mu ake amshi in ta zo garinmu. Rufe mini baki ki yi istigfari."

Na yi istigfarin, na kuma fashe da kukan da ban yi ba tun ranar rasuwar. Matan suka ɗauka faɗan ne ya sa ni kuka, wata tana cewa Gwaggo a yi mata haƙuri yarinya ce. Hajiya kaɗai ta gane, domin ta san zancen shaida ta biyu ko da ba ta san sunan ba. Ta dubi Gwaggo ta ce, "Shekara nawa kina zuwa gidan nan, Malam yana neman wannan sunan?" Gwaggo ta ce, "To ya tambaye ni ne? Mutumin da in na shigo ta ƙofa yake fita ta zaure?" Gaskiya ta faɗa. Surukarsa ce. Ya bi tsofaffin garin nan kaf, amma kunya ba ta taɓa barinsa ya yi zancen waƙa da ita ba, kuma in tana gidan ko garmahon ba ya buɗewa. Sau da yawa amsar ta kwana a ɗakin da ke kusa da nasa.

Bayan an watse, maigidana ya ɗauko faifan ya miƙo mini biro. Na ce shi ya kamata ya rubuta, shi ne ɗa. Ya ce, "Ke ya aika." Na wanke hannuna tukuna. Na rubuta sunanta a jikin rigar faifan, a ƙasa na sa sunan Hajiya Yalwa da na Gwaggo Talatu, kamar yadda ya yi wa sauran. Ban ƙara ko kalma ɗaya daga cikin labarin da na tsara mata ba.

Ya Allah, bawanka ya zo gare Ka. Ka san bai yarda ya ɗora wa matacce abin da bai tabbatar ba, Ka sa shi ma a shaide shi da alheri ranar da ake neman masu shaida. Ka gafarta masa kurakuransa, Ka yalwata kabarinsa, Ka haskaka shi, Ka sada shi da rahamarka. Ka ji ƙan Hajiya Yalwa, Ka ji ƙan Kande da ƙanenta da bai dawo ba. Ka ba Hajiya haƙurin zama a gidan da ya yi shiru, Ka ƙarfafa zuciyar maigidana da 'yan'uwansa, Ka sanyaya wa Oga Cidi, wanda ya tsaya a ƙofar gida yana share ido da hularsa har aka dawo daga maƙabarta. Mu da muka rage, Ka sa mu cika da imani, Ka kuma bar mana wanda zai tuna sunanmu daidai. Amin.