Kwamfuta Ba Ta San Babangida Ba

'Yan ajinmu na yaƙi da jahilci, yau na'ura ta so ta hana ɗana taki!

Da safe na taso daga Ruwan Bago zuwa Rogo, in karɓo wa ɗana na fari takinsa, don yana kwance da zazzaɓi. Yanzu sunayen manoma duk suna cikin sabuwar kwamfuta, kowane ɗa a ƙarƙashin ubansa.

Akawu ya ce, "Baba, sunan yaron?"

Na ce, "Babangida."

Ya danna. Babu. Ya sake dannawa. Babu.

Ya ce, "Sunan yanka take so."

Ga shi ɗan fari, ga shi sunan mahaifina ya ci, shi ya sa muke ce masa Babangida. Na ce, "Ɗan nan, bakina ba zai iya ba."

Ya ce, "Ita ba ta san alkunya ba. In ba suna, ba taki."

Mutanen layi suka kwashe da dariya. Wani ya ce, "Faɗi mana, mu toshe kunne."

Sai na ari bironsa, na rubuta a tafin hannuna a hankali, na miƙa masa. Ya danna, sunan ya fito.

Buhun yana gida yanzu, kuma bakina bai faɗa ba.