Fensir da gilasai biyu marasa lamba

Ƙanwata ta yi shekara talatin da ɗaya tana matsa nonon matan mutane, ana biyanta albashi. Haka nake faɗa idan aka tambaye ni aikinta. Takan ce, "Haba Yaya, ki ce nas mana." Nas ɗin ce, amma ni ma ban yi ƙarya ba.

A asibitinsu kowa Fensir yake kiranta, don kullum da fensir soke a ɗankwalinta. Ɗakinta na ƙarshen baranda, gado ɗaya, labule ɗaya, da fanka da ba ta juyawa sai an tura ta da tsintsiya. Macen da ba ta shayarwa amma ruwa na fita daga kan nononta, nan likita yake turo ta. Fensir za ta goge wurin da auduga, ta matsa a hankali, ta taɓa ɗigon da ɗan gilashi, ta shimfiɗa shi, ta jefa gilashin cikin kwalbar sifirit tun bai bushe ba. Idan ya bushe, an yi aikin banza. Lambar mara lafiya kuwa da fensir ake rubuta ta a bakin gilashin, domin sifirit yana cinye tawadar biro.

Ba ta da fara'a, ba ta da lallashi. Mace na kuka, sai ta ce, "Baiwar Allah, ki yi kukanki, amma kada ki motsa."

Saura shekara biyu ta yi ritaya, haƙori ya kwantar da ita kwana uku. Nas ɗin da ta riƙe mata ɗakin ta ɗauki ruwan mata biyu, wata malamar makaranta da wata mai ɗinki, ta rubuta lambobinsu da biro, ta zuba su kwalba ɗaya. Ko da suka isa ɗakin gwaji, gilasan sun wanku tas. Mai duba gwajin ya aiko aka kira Fensir, kumatunta a kumbure.

"Sista, ɗaya lafiya lau. Ɗayan kuwa ban ji daɗin abin da na gani ba."

"Na wace ce?"

"Da na sani, da na kira ki?"

Malamar makaranta ta bar lambar waya. Aka kira ta, aka sake gwaji, ba komai. Ke nan ciwon yana jikin mai ɗinki, ita kuma tana can tana taka keke ba ta sani ba. A katinta, wajen adireshi, an rubuta: bayan injin niƙa.

Na ce mata, "Ke kika rubuta da biron? Ki bar masu laifi su nemo ta."

Ta ce, "Ɗakina ne."

Ashe garin yana da injin niƙa goma sha huɗu. Asabar uku muna yawo, ita da jakar kayan aiki, ni da ciwon gwiwa. A bayan inji na tara muka same ta, cikin wani shago da bai fi tsawon gado ba, da allura a bakinta.

Da ta ji abin da ya kawo mu, sai ta ɓata rai. "Ni fa na warke, Sista. Ɗan jini-jini ne kawai yake ɓata mini riga."

"Shi ɗin nake so. Sauke labule."

"Ina da ɗinkin mutane."

"Idan kika mutu, wa zai ƙarasa musu?"

Na zaci za ta kore mu. Sai ta zare allurar daga bakinta, ta sauke labulen. Ni aka ba kwalbar na riƙe, aka ce in na zubar da ita kada in ƙara cewa ni yayar wani ce. Fensir ta rubuta lambar, ta ƙara "hagu" a gefe, ta kai gilashin ɗakin gwaji da ƙafarta.

Sakamakon bai canza ba. Likita ya ƙara nasa binciken, bayan wata guda aka cire nonon hagun. Ya ce da an ƙara rabin shekara, da magana ta zama wata.

Yau shekara tara ke nan. Fensir ta yi ritaya, tana kiwon kaji, su ma ba ta yi musu fara'a. Mai ɗinki tana nan da ranta. Ta koya wa kanta ɗinka rigar mama mai aljihu a gefe guda, ana cusa soso, matan da aka yi wa irin aikinta suna zuwa saye.

Ran nan na bi ta shagon, na tambaye ta jiki.

Ta ce, "Da sauƙi, Baba. Ki gaya wa Sista har yanzu ban yafe mata ranar nan ba. Zanen mutane na ƙona da dutsen guga tana matsa ni."